Jarkar Lemon Abarba

Abarba goma, citta, kanumfari da sukari na zuba a harkar nan, sai kuma mutuncina a gaban surukina, wanda zai zo daga Kwaciri sunan 'yata. Na rantse ba lemon kwalba. Ni da nake sarin abarba, da hannuna zan haɗa.

Maman Obinna, maƙwabciyar shagona a Sabon Gari, ita ta koya mini jiƙa ɓawon. Ta ce, "Alhaji, ka sassauta murfin jarkar, ya riƙa shan iska."

A raina na ce wannan asarar ƙamshi ce. Na sa leda na ɗaure murfin tamau, na kai jarkar rana.

Ranar suna, jarkar ta kumbura suntum. Na hana kowa taɓawa, na durƙusa gaban surukina na murɗe murfin. Kumfa ta yi tsiri, ta wanke farar shaddarsa har hula.

Ya share gemu, ya lashi yatsa, ya ce, "Sukarin dai ya ji."

Yarinyar yanzu tana firamare. Har yau ko ruwan leda na shiga da shi gidansa, sai ya ce, "Ku miƙo mini lema."