Dakta Saura-Ƙiris Ya Zo Auna Mu

Allah ya yi wa ƙauyenmu baiwa uku: teku mai kifi, ƙasa mai gwaza, da kuma Lomitusi. Biyun farko mun saba da su har mun daina godiya. Na ukun kuwa shi da kansa yake tuna mana kullum, don kada mu yi butulci.

Lomitusi ɗan baffana ne. Tare muka tashi, tare muka sha bulalar makarantar Lahadi. Shi Allah ya buɗe masa ƙwaƙwalwa ya tafi Kanbera, babban birnin Ostireliya, karatu, ni kuma na auri Afereti masunci na zauna ina saƙar tabarma. Shekararsa tara a can. Digirinsa na biyu a kan kishin ƙasa ya yi shi. Na ukun kuma yana kan yi, a kan tambayar da ya ce ta hana masana barci: wane ne ɗan Samoa na gaskiya? Mu da muke zaune a Samoa ba mu ma san an rasa amsar ba. Duk wanda ya tambaye shi yaushe zai gama, sai ya ce saura ƙiris. Shi ya sa muka laƙaba masa Dakta Saura-Ƙiris. Shi kuma, da yake mutum ne mai tawali'u, rabin farko kawai yake ji.

Ranar da ya dawo yin bincike, bai hau bas ɗin katako irin namu ba. Tasi ya ɗauko tun daga filin jirgi. Ya fito da zanen maza mai aljihu da bel, sabo fil har da layin ninki, a wuyansa jan abin wuyan nan da masu sarauta kaɗai ke sawa. Ya dubi teku, ya dubi itatuwan kwakwa, ya sa hannu a ƙirji. Sai ya durƙusa ya sumbaci ƙasar kakanninsa, daidai inda aladun Fasto ke hutawa da rana. Babu wanda ya ce masa komai. Baƙo ne, kuma ya riga ya sumbata.

"'Yan uwana," in ji shi yana karkaɗe leɓe, "na dawo ne in nuna muku ko ku su wane ne."

Muka yi godiya. Mun daɗe muna cikin duhu.

Washegari ya fito da ma'auninsa. Takarda ce mai tambaya hamsin, maki ɗari. Ya ce da ita ake gane yawan ƙasar da ta rage a jinin mutum. Ya fara da Goggo Saunoa, ƙanwar iyayenmu maza. Shekararta saba'in da huɗu. Ta yi shekara goma sha tara tana fiɗar kaji a wata masana'anta a Sidini ta Ostireliya, da gumin nan aka yi wa Lomitusi kuɗin makaranta, sannan ta dawo gida dangi suka naɗa ta sarautar gidanmu. Ya zaunar da ita, ya danna biro.

"Goggo, kina cin naman gwangwani?"

"In ka kawo."

"Da wane harshe kike mafarki?"

"Ni gajiya ce ke kwantar da ni, ɗana. Ban tsaya na saurara ba."

Ya ba ta talatin da takwas. Ya bayyana mata cikin tausayi cewa ba laifinta ba ne, mulkin mallaka ne ya shiga tukunyarta. Fasto ya sami arba'in da biyar, saboda addininsa a jirgin ruwa ya zo. Ni na sami hamsin da ɗaya, ya ce in ƙara ƙoƙari. Wanda ya zo na ɗaya shi ne tsoho Pauga, da maki casa'in da ɗaya. Pauga ya kurumce tun guguwar da ta ɗauke rufin coci. Bai amsa tambaya ko ɗaya ba, murmushi kawai yake yi yana kallon biron. Dakta ya rubuta cewa wannan shirun shi ne ainihin muryar kakanni. Da na tambaye shi nasa makin, ya ce a ƙa'idar bincike mai awo ba ya auna kansa.

Ranar Lahadi maza suka taru a bayan gida suna haɗa umu, murhun duwatsunmu na gasa abinci. Dakta ya zo ya tsaya ta inda hayaƙi ba ya bi.

"Kun san abin da kuke yi?" ya tambaye su.

Afereti ya ce, "Abincin rana."

"A'a! Ƙasa kuke ginawa. Kowane dutse a nan alama ce ta ɗan ƙasa. Wutar nan ita ce tarihi. Ganyen ayabar da kuke rufawa shi ne tuta tun kafin a san tuta. Na yi babi guda a kan wannan, shafi sittin da biyu."

Afereti ya miƙa masa kwakwa ya ce, to masanin, ɓare mana wannan, madara muke jira. Dakta ya karɓa da hannu biyu. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya kai ta kunne. Ya tunkari tsinin itacen da ake ɓarewa da shi, ya ɗaga ta sama, ya sauke da ƙarfin shekara tara. Kwakwar ta tsallake ta faɗa kan duwatsun wuta, zanen mai aljihu ya bi ta a baya har gwiwa. Ya tattare zanensa ya ce aikinsa lura ne, in ya sa hannu zai gurɓata sakamakon bincike. Amma da aka buɗe umu ya sa hannu sosai. Gwaza shida na ƙirga kafin na ji kunya na daina.

Da a nan abin ya tsaya, da mun ci gaba da jin daɗinsa kamar rediyo. Sai dai a lokacin ne aka buɗe ɗaukar ma'aikatan tsinkar lemo a gonakin Ostireliya, aikin wata bakwai. Maza goma sha biyu daga ƙauyenmu suka sa suna, har da Afereti. Kifi ya ja baya a bakin gaɓarmu, rufin ɗakinmu na zuba ta wuri huɗu, 'yarmu kuma ta ci jarabawar makarantar koyon jinya a Apiya, babban birninmu, ba mu san ta inda za mu fara ba. Abu ɗaya ya rage: takardar shaida daga majalisar dattawan gari. Ba a taɓa hana kowa ita ba.

Dakta ya nemi izinin yin magana a majalisa. Aka ba shi, saboda dattawanmu na girmama boko kamar yadda ake girmama maganin da ba a san abin da ke ciki ba. Ya yi awa ɗaya da rabi. Ni ina waje tare da mata muna shirya abinci, amma zauren majalisarmu ba shi da bango, ginshiƙai ne kawai, don haka ba abin da ya wuce mu.

"Duk ɗan Samoa da ya hau jirgi," in ji shi, "da rabin ransa yake dawowa. Bincikena ya tabbatar. Yau lemo, gobe harshe, jibi tuta. Ku dattawa, ku ne katangar ƙarshe. In kuka sa hannu a takardun nan, kun sa hannu a takardar mutuwar ƙasa. Talauci a gida daraja ce. Yunwar da mutum ya ji a ƙasar kakanninsa, yunwa ce mai asali!"

Yana faɗin haka da ragowar man alade a gemunsa.

Baba Setefano, shugaban majalisa, ya rikice. Ba ya son a ce a zamaninsa ƙasa ta mutu. Ya ce a dakatar da takardun, a sake zama ranar Litinin. Larabar da ke biye da ita kuma ake rufe karɓar takardu. Afereti ya dawo gida, ya ɗauki ragarsa ta kamun kifi ya zauna yana ɗinke inda ba ta yage ba. Ni kuwa na ɗauki wuƙar tsaga ganye na tafi ɗakin saƙar mata, don in na zauna a gida zan je in auna Dakta da nawa ma'aunin.

Bayan ɗakin saƙar akwai tankin ruwa, nan ne kaɗai waya ke kamawa da kyau a ƙauyenmu. Ranar Alhamis da hantsi muna saƙa, mu takwas da Goggo Saunoa, sai muka ji murya a bayan tanki. Dakta ne, da Turanci, yana yi wa kansa tambaya yana amsawa. Ya yi, ya maimaita, in ya kuskure ya yi tsaki ya koma farko. Can kuma ya rage murya ya ja wata waƙa a hankali, yana tuntuɓe a baiti na biyu.

Na ce, "Goggo, addu'ar masana ce?"

Goggo ta ajiye saƙarta. Ta saurara har ya kai ƙarshe. Sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Taken ƙasar Ostireliya ne. Tambayoyin nan kuma na jarabawar zama ɗan ƙasarsu ne. Na san su kamar sunayen 'ya'yana, na zauna ta tun yana wando ɗaya." Ta ɗauki saƙarta. "Kada wadda ta ce komai. Ku bar min ɗana."

Ranar Litinin zaure ya cika. Aka sha ava, jiƙon saiwar da ake buɗe taro da shi, kowa ya karɓi ƙoƙonsa bisa matsayi. Dakta ya zauna ya harɗe ƙafa kamar kowa, yana canza gwiwa duk minti biyu. Da aka zo kan maganar takardu, Goggo ta ce tana da 'yan tambayoyi ga masanin, don ita jahila ce mai maki talatin da takwas.

"Bismillah, Goggo," in ji shi da fara'a. "Tambaya ita ce ƙofar ilimi."

"Jero mana kirarin garin nan, wanda ake buɗe kowane zama da shi."

Dakta ya yi gyaran murya. Ya faɗi layin farko. A na biyu ya sa sarautar ƙauyen da ke gaba da mu, waɗanda muke shari'ar gona da su tun kafin a haife ni. Wani dattijo ya yi tari.

"Ba komai," in ji Goggo. "Ina iyakar gonar kakanka ta yamma?"

"Goggo, iyaka ai tunani ce da Turawa suka..."

"Bishiyar mangwaro ce. A ƙarƙashinta aka binne cibiyarka. To sunan kakar kakanka fa, wadda ta ba mu filin cocin nan?"

Ya ce yana cikin babi na huɗu, amma babin na cikin kwamfuta.

Goggo ta gyaɗa kai kamar ta gamsu. Ta gyara zama, ta ɗauki maficinta. Sai kawai ta juya harshe zuwa Turanci, da kakkausar muryar ma'aikatan ofis, ta jefo:

"Jihohi nawa ne a Ostireliya?"

"Shida, da manyan yankuna biyu!"

"Yaushe suka haɗe?"

"Ɗaya ga Janairu, alif ɗari tara da ɗaya!"

"Launin ƙasa?"

"Kore da ruwan zinariya!"

Kafin ya ankara yana tsaye ƙiƙam a tsakiyar zaure, inda ba a tsayawa a gaban dattawa, hannunsa na dama a ƙirji. Ya dubi hannun nasa kamar na wani ne, ya sauke shi a hankali ya sa a aljihun zane.

Goggo ta koma harshenmu. "Ka ci uku cikin uku, ɗana, Allah ya ba ka sa'a ranar jarabawarka. Ba laifi ba ne. Ni ma ina da takardarsu a ƙasan akwati, ban fasa zama 'yar gidan nan ba. Amma kai da ka shiga ka ƙoshi, shi ne za ka dawo ka ja wa masu yunwa ƙofa? Da wace yunwa mai asali aka biya maka makaranta? Kaji na fiɗe, Lomitusi. Kajin Turawa."

Dakta ya ce wannan ma wani ɓangare ne na binciken, yana so ya fahimci abin daga ciki. Tsoho Pauga, wanda bai ji komai ba, ya ga kowa na dariya, shi ma ya fashe har da buga cinya. Baba Setefano ya ce a kawo biro. Aka sa hannu a takardu goma sha biyu kafin ava ta ƙare a akushi.

Bayan kwana uku Dakta ya tuna yana da taron masana na gaggawa. Bas ɗin katako ya hau wannan karon, na asuba.

Afereti ya tafi, ya kama aiki a wata gonar lemo kusa da Mildura. Duk Lahadi bayan coci nakan je bayan tanki mu yi waya. A wata na huɗu ya ce min, "Tiresa, zauna in ba ki labari." Jami'a ta gaji da jiran ƙiris ɗin, ta tsayar da tallafin karatu. Wata safiya mota ta sauke sababbin ma'aikata a gonar, sai ga Lomitusi da jakar tsinka a wuya da hular rana. Afereti ne shugaban layinsu. Shi ya koya masa yadda ake murɗe lemo ba a yaga ɓawo ba. Ya ce yana ƙoƙari, sai dai yakan tsaya ya yi wa bishiya bayani.

Na ce, "Ya faɗa wa mai gonar shi masanin asalin al'umma ne?"

"Ya faɗa masa, har sau biyu. Mutumin ya ce madalla." Ina jin Afereti yana danne dariya. "Kin san Baturen nan ba ya bambance mu da maƙwabtanmu 'yan ƙasar Tonga. Ba ya iya riƙe sunansa. In zai kira shi sai ya ɗaga murya daga kan tarakta ya ce, kai, ɗan Tonga!"

"Ɗan Tonga? Lomitusi? Me ya ce?"

"Me zai ce? Da gudu yake amsawa."