Yadda Na Ɗauke wa Kwamfutar Malam Murya

Na amsa laifina, ba wanda ya aike ni. Malam Habu, limaminmu a Minjibir, yana da tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da karatun marigayi mahaifinsa, wanda ake sa wa jama'a duk Juma'a bayan la'asar. Ni na nace sai na sa mata sabon tsari, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

Ita kanta ta rubuto cewa ba za ta iya ɗauka ba. Na ce, "Malam, tsoro ne kawai take ji." Na bi wata dabara da na gani a waya, na tilasta mata.

Ta kunnu tsaf, amma ba murya. Dattawa na zaune a tabarma suna jira, ni ina hura lasifika da baki.

Hadiza, 'yar Malam mai karatu a Kano, ta karɓa ba tare da ta harare ni ba. Ta ce sabon tsarin bai san na'urar sautin ba. Ta kwashe karatun a natse, ta mayar da tsohon. Kafin magariba muryar marigayi ta cika zaure, Malam yana share hawaye.

Har yau in na gifta majalisa sai wani ya ce, "Injiniya Shiru, rediyona ya cika surutu, zo ka gyara mini."