Ƙarar Malam Jatau a Kan Gamba

Malam Jatau tsohon hedimasta ne, shekara talatin da biyar yana gyara wa yara kuskure, da ya yi ritaya kuma sai ya koma gyara wa unguwa. Kwata ba ta yi masa ba, ladan yana jan kiran salla, mai shayi yana ha'incin madara. To bana da damina ta ja baya, gambar da maƙwabcinsa Nomau ya bari a bayan katanga don yin zana ta fid da kai, sai Malam ya kama atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido ja wur, hanci kamar famfo. A asibiti aka ce masa ba mura ba ce, garin furen ciyawar ne iska ke kwasowa jikinsa ba ya so. Bai tsaya ko'ina ba sai zauren mai unguwa, da takardar ƙara shafi biyu, an ja wa muhimman wurare layi da jan biro. Aka aika wa Nomau ya zo.

Malam ya gyara tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya kaɗai atishawa sittin da huɗu na yi, ga lissafin nan da lokutansu. Buƙatata biyu: a sare gambar yau, kuma ya ba ni haƙuri a rubuce. Atshaa! Alhamdu lillahi."

Zaure ya amsa, "Yarhamukallah."

Nomau ya ce, "Haba Malam, sati uku ya rage ta ƙosa. In na sare ta ɗanya, da me zan kewaye iyalina? Zanar gidana duk awaki sun cinye."

"Wannan ba ya cikin ƙarata. Atshaa! Alhamdu lillahi. Sittin da... a'a, na yau daban ne. Atshaa! Alhamdu lillahi."

Mai unguwa ya dubi Nomau ya ce, "Ka dai ga halin da bawan Allah ke ciki. Me zai hana ka sare?"

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Tsoro nake ji, ranka ya daɗe. Shekara ashirin muna maƙwabtaka da Malam, ban taɓa jin ya gode wa Allah ba sai da gambar nan ta yi fure. In na sare ta, wa zai ɗauki alhakin?"