Ranar Da Na Shayar Da Siminti A Watan Janairu

Ƙasar da za a zuba siminti a ƙofar gida a bar masa tsagu da gangan, ba ta san aiki ba. Haka na ce tun ranar da muka tare a unguwar Stapleton a Amurka, kuma ban nemi ra'ayin kowa ba. Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne yadda na tashi gyara musu.

Dangin yaron da ke neman 'yata Ladi ne za su zo gaisuwa daga Bronx ranar Asabar. Na dubi daɓen da maigidana ke ajiye tasinsa, layi-layi, ga wasu tsagun da sanyi ya ƙara. Na ce surukai ba za su taka wannan su raina mu ba. Babana magini ne a Zariya, na iya kwaɓa siminti tun kafin in san harafi (sai da na haifi uku na shiga yaƙi da jahilci). Wa zai koya mini?

Na kwaɓa, na cike kowace tsaga, na shafe sumul. Ladi ta leƙo ta taga tana yi mini Turanci. Na ce, "Ke, koma ki yi allurarki, nan ba asibiti ba ne."

To, kowa ya san sabon siminti sai da ban ruwa. Safe da yamma nake kwarara masa bokiti biyu. Ranar Asabar na ƙara masa na uku don ya ƙoshi. Sai sheƙi yake, na ce aiki ya yi kyau.

Baffan yaron ne ya fara fitowa daga mota, dattijo da babbar riga, rungume da goro. Ya yi sallama, ya ɗora ƙafa, kafin in amsa ya wuce ni a zaune har bakin gareji, goro na binsa. Ƙaninsa ya je ɗaga shi, ya same shi a can. Gwaggon yaron kuwa ta dubi ƙasa, ta tuɓe takalmi, ta shigo da rarrafe tana cewa, "Sannunku da gida."

Maigidana ya matso. "Maman Ladi, me kika zuba?"

"Ruwa."

"A Janairu, cikin wannan sanyin? Ai ya zama ƙanƙara."

Muka zauna a falo, Ladi na kicin tana kuka, ni kuwa na riga na binne auren a zuciyata. Can Baffa ya gyara zama a gefe ɗaya ya ce, "Maman Ladi, tsagun nan wurin motsi aka bar wa siminti. Wani abu mai danƙo kamar roba ake zubawa, shi ma sai gari ya yi ɗumi, don kada ruwa ya shiga ya daskare ya fasa. Yarinya dai muna so. Amma ranar biki ta ƙofar baya za mu shigo."

Ashe siminti ma in ya zo Amurka sake hali yake, ni kaɗai na zo da nawa halin. Washegari na watsa gishiri don ƙanƙarar ta narke, na ɗauki guduma da ƙatuwar ƙusa, na durƙusa na fara tone aikina layi bayan layi.