Mushe Isma'ila da Pansiyon Madrid

Duk wanda ya ce Madarunfa ba ta da manyan mutane, bai taɓa ganin Mushe Isma'ila yana tsallaka hanya ba. Ba ya tsallakawa sai ya ɗaga hannu ya tsai da motoci, ko da kuwa abin da ke tafe amalanken jaki ne daga Safo. Mushen nan na Faransanci ne, wato Malam, ba na dabba ba. Mutum ne mai tsari. Alƙalamin bik uku ne a aljihun rigarsa, ja da baƙi da shuɗi. Guda ɗaya ke rubutu, kuma shi kansa sai ya gwada yake sanin wanne ne. Karabat biyar gare shi na ɗaurawa a wuya, agogo biyu, da tabarau mai ƙafa ɗaya da zare. Ya yi aikin komi, wato akawu, a wani biro, ofishin gwamnati ke nan, har kansa ya yi fari, kuma a duk tsawon wannan hidima babu takardar da ta ɓace a hannunsa, saboda babu wadda ya taɓa bari ta fita.

Abu guda ne Allah bai nufe shi da shi ba: bai taɓa zama shugaban komai ba. Ya yi mataimaki, ya yi mataimakin mataimaki, ya kuma riƙe biro ranar da shugabansu ya tafi Maraɗi cirar haƙori. Shi ke nan.

Da ya ajiye aiki, sai ya kafa ido a kan kujera ɗaya, ta parzidan, wato shugaba, na ƙungiyar 'yan pansiyo. Su ne tsofaffin ma'aikatan Madarunfa da Safo da Gabi da Ɗan Issa, masu jiran ɗan abin da ake ba wanda ya gama bauta wa ƙasa. A shekarun nan da aka karya darajar sefa, pansiyo ya koyi makara, in ya iso ma ya rame a hanya. Kujerar ba ta da albashi, amma tana da hatimi, tana da wurin zama a layin gaba ranar bukin ƙasa, tana da tafiya Yamai kai kuka. Mai riƙe da ita Ɗan Baba ne, tsohon mai rarraba wasiƙu, wanda duk shirinsa na mulki abu biyu ne: cin goro da cewa a ƙara haƙuri.

Ana haka sai ga sa'a. Wata ƙungiyar Turawan Sipaniya mai haƙa rijiyoyi a karkara ta nemi mutum ɗaya ya je taro Madrid. Wanda aka gayyata ba shi da fasfo. Mushe kuwa ya daɗe da yin nasa, ya naɗe shi cikin leda biyu, don ya san wata rana duniya za ta neme shi. To, ta neme shi.

Masu gayyatar mutane ne da ke zuba kuɗinsu cikin rijiya, ba cikin katifa ba. Sai suka biya masa ɗaki a wani gidan baƙi mai rahusa a tsakiyar birni, irin wanda a can suke kira pensión. Da wannan sunan aka rubuta allon bakin ƙofa. Mushe ya sauko daga taksi, ya gyara zaren tabarau, ya karanta. Ya sake karantawa. Harufa bakwai, daidai da na kalmar da ya san ma'anarta tun yana lakwal, makarantar boko. Bai tambayi kowa ba. Mutumin da ya ƙware a Faransanci ba ya tambayar Bature ma'anar pansiyo.

Ya dawo gida da hula mai baki zagaye, da kalmomin Sipaniyanci uku, da sabon suna. 'Yan tasha suka sa masa Ɗan Madrid. Ya ji, ya ce bai dace ba, a riƙa cewa Sinyor, wato Mushe na Sipaniya.

Ranar da ya tara 'yan pansiyo ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar gidansa, kujeru goma sha biyu ya aro, tabarmi huɗu, buta ɗaya ta shayi. Ya miƙe, ya soke babban yatsa a aljihu.

"Kamarad," in ji shi, "ni ban je yawo ba. Da farko ku lura, Madarunfa da Madrid harafi uku na farko ɗaya ne. Wannan ba banza ba ne. Na biyu, daga filin jirgi ba a kai ni ko'ina ba sai biron pansiyo. Sun duba takarduna sun ga wane ne ni. Kuma ba biro ɗaya ba ne a garin. A titi guda na ƙirga allo tara. Tara! Mu nan sai ka hau mota ka je Maraɗi a ce ka dawo jibi."

Tsofaffi suka gyara zama. Ɗan Baba ya ɓare goro.

"Biron yana sama, matakalarsa ƙunci, ga duhu. Don tsaro ne, saboda kuɗi ne a ciki. Da ka hau za ka tarar da madam darakta zaune da tarin makullai a bayanta. Ta karɓi fasfona ta buɗe mini dosiyen takarduna nan take, babu ɗan sarki, babu 'wa ka sani'. Sannan ta miƙo mini makulli. Kamarad, a can mai pansiyo ba ya tsayawa layi cikin rana. Ɗaki ake ba shi, da gado, ya kwanta ya jira hakkinsa."

"Allahu akbar," in ji wani tsohon malamin gona daga Gabi, wanda ƙafafunsa suka kumbura da tsayuwar layi.

Mushe ya ci gaba da zayyana alherin da ya gani. Tagar ɗakinsa tana duban bangon maƙwabta, tazarar hannu guda, don kada mai pansiyo ya shagala da kallon duniya. An ba shi tawul mai faɗin hankici da sabulu kamar ɓarin goro, don a can komai da ma'auni. Ban-ɗaki guda ne a ƙarshen baranda, na kowa da kowa, wato dimokuraɗiyya. Ƙarƙashin ɗakin akwai wurin shan shayi da ba a rufewa, ga babura suna kai da kawowa, alamar kana kusa da gwamnati.

"Abin da ya fi ba ni mamaki," ya rage murya, "sauran 'yan pansiyon. Samari da 'yan mata, ko furfura babu, kowa da jakarsa a baya. Ƙasa ta ci gaba har mutum yana ajiye aiki kafin ya yi gemu."

"To, Mushe," in ji Ɗan Baba, bakinsa ja da goro, "an ba ka?"

"Sinyor," Mushe ya gyara masa. "Kullum da safe ina zuwa gaban madam darakta in ce mata, madam, pansiyo? Ta yi murmushi ta ce si, si, pansiyo. Si a yarensu na nufin i. Ba ta taɓa cewa a'a ba. Ranar da zan taho ma da kanta ta ƙwanƙwasa mini ƙofa kafin azahar, ta cire zanen gado, ta nuna mini agogo. Ma'ana lokaci ya yi, dosiye ya kammala. Kuɗi za su biyo baya. Ku ba ni kujerar nan, in sa sunan kowa."

Ba a yi tafi ba, don tsofaffi ne, amma an yi ta kallon juna. Kafin mako ya zagayo, labari ya kai Ɗan Issa cewa Sipaniya za ta riƙa biyan 'yan pansiyon Madarunfa. 'Yan canjin bakin iyaka har sun fara tambayar yadda kuɗin can suke. Ɗan Baba ya ƙara yawan goro.

Shi kuwa Sinyor bai zauna ba. Ya sa aka sassaƙa allo, aka shafe shi da farin fenti, aka rubuta kalmar da shuɗi, har da ɗan karan da ke bisa harafi na shida. Mai fenti ya ce ƙazanta ce ta faɗa a kan samfurin. Mushe ya ce ilimi ne. Aka kafa allon bisa ƙofar zaure, inda duk wanda ya fito daga tasha zai yi karo da shi. Matarsa Ɗelu ta fito da tsintsiya a hannu ta ɗaga kai.

"Malam, me aka rubuta?"

"Abin da ya fi ƙarfin kicin."

"To, Allah ya sa ya kawo cefane," in ji ta, ta koma ciki.

Ranar zaɓe a ƙofar gidansa aka taru, don shi ya sayi lemu. Mutum talatin da ɗaya suka hallara, har da shi. Mushe ya sa kwat, ya ɗaura karabat mai ja, ya daɗa hular Madrid, rana kuwa tana dukan kowa ba sani ba sabo. Yana tsakiyar bayani a kan yadda zai sa a kawo gadaje, sai hankalin jama'a ya koma hanya.

Turawa biyu ne ke tafe daga tasha, namiji da mace, sun yi ja, sun yi ƙura, kowa da jaka a baya. Sun zo kallon tsuntsayen tabkin garin ne, sun rasa wurin sauka. Macen ta hango allon. Ta tsaya, ta kama hannun namijin, ta yi wata ƙara ta murna kamar wadda ta ga ɗan uwanta a kasuwa.

Mushe ya gane jakunkunan. Ya gane yaren. Ya juyo ga jama'a, idonsa ya kawo ruwa.

"Kamarad, ban gaya muku ba? Ga wakilai. An kawo."

Tsofaffi suka miƙe. Wani ya cire hula. Malamin gonan Gabi ya fara lalube aljihu yana neman katinsa. Mushe ya tari baƙin da kalmarsa ta farko, "Ola!" Suka amsa da fara'a, suka zubo masa Sipaniyanci kamar ruwan sama. Ya jefa ta biyu da ta uku a jere, kayan suka ƙare. Da macen ta ga haka, sai ta koma Faransanci, irin na koyo, a hankali, da ƙarfi, yadda duk wanda ya taɓa zama a aji zai ji. A wurin kuwa babu wanda bai taɓa zama a aji ba.

Ta tambaya ko akwai ɗaki. Ta tambaya nawa ne kwana ɗaya. Ta tambaya ban-ɗakin a ciki yake ko na kowa da kowa ne, don su ko na tarayya ne ba su damu ba, sun saba, masu ƙaramin ƙarfi ne.

Tsofaffi suka juyo suna kallon mai gida. Mushe ya yi dariyar manya, ya ce wa jama'a baƙin sun gaji ne, suna so su kwanta su jira hakkinsu kamar yadda ake yi a can.

Ɗan Baba ya tofar da goro, abin da ba a taɓa gani ba, ya matso. Ya nuna allon, ya tambayi matar cikin ladabi ko a ƙasarsu nan ne ake biyan tsofaffin ma'aikata. Ta dube shi, ta dubi allon, ta dubi tsofaffi talatin a tsaye da katunansu. Ta ce a'a, nan ne matafiyi ke kwana in ba shi da kuɗin otel. Shi ke biya, ba a biyan shi.

"Wato irin ɗakunan bayan tashar Jibiya," in ji wani daga baya.

"Har da tawul," in ji wani.

Malamin gonan Gabi ne ya fara. Dariyar ta taso masa daga ciki, ta hana shi tsayuwa, ya zauna bisa tabarma yana cewa, "Sun ajiye aiki kafin su yi gemu!" Daga nan babu wanda ya iya riƙe kansa. Akwai wanda sai da aka ba shi ruwa. Baƙin ma suka taya, ba su san dalili ba.

Mushe bai girgiza ba, a ba shi wannan. Ya ce kalma tana iya ɗaukar ma'ana biyu, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya je bincike a kai. Ya nemi a ci gaba da zaɓe.

Aka ci gaba. Mafi tsufa a wurin ya ce masu son Mushe Isma'ila su ɗaga hannu. Mushe ya ɗaga nasa sama sosai, ya bi fuskoki ɗaya ɗaya da ido, har ya kai kan baƙin. Su kuma da suka ga mai gida ya ɗaga musu hannu, suka ɗauka gaisuwar gari ce, suka ɗaga nasu suna murmushi. Aka ƙirga. Uku. Aka soke biyu saboda ba su da katin ƙungiya. Ɗan Baba ya samu talatin, ya yi jawabin godiya da cewa a ƙara haƙuri.

Jama'a na watsewa, Mushe ya jawo kujera ya taka zai sauke allon. Sai ga murya daga zaure.

"Malam, kada ka taɓa shi."

Ɗelu ce. Tun baƙin suna tambaya ta ji kalmar ɗaki a bakin wani tsoho, ta ji kalmar biya, sauran ba ta buƙace shi ba. Ta share ɗakin da ya fi kowane iska a gidan, ta shimfiɗa sabon zane, ta ajiye bokitin ruwa da fitila. Ɗakin Mushe ne. Kwat ɗinsa biyu da karabat huɗu da suka rage tuni suna rataye a ƙusa cikin zaure. Ciniki kuwa da yatsu ta yi shi da baturiyar, aka gama babu tafinta.

"Ɗelu, wannan biro ne!"

"To ai ga shi ya fara aiki. Sauko ka ɗaukar musu jaka, kai ka san yarensu."

Ya sauko. Ya ɗauka.

Baƙin sun tafi sun gaya wa wasu, wasun suka gaya wa wasu. Yanzu ɗaki uku ne, Ɗelu ta sayi awaki biyu da injin markaɗe. Sinyor yana nan zaure da hularsa, yana gaya wa duk mai wucewa cewa shi ne darakta, kafin a kira shi ya kai ruwan wanka. 'Yan ƙungiya har yau suna hawa mota zuwa Maraɗi a ce su dawo jibi. A duk faɗin Madarunfa mutum ɗaya ke cin pansiyon Sipaniya kan lokaci, kuma ba ta taɓa wuce Maraɗi ba.