Rasuwar Guntuwa, Jar Wardin da Taimako Ya Kashe

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma wani takaici da har yau bai sake ni ba, ni Yusha'u Nurain na bayan kasuwa, Batsari, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar shukata, ƙaramar jar wardi wadda aka fi sani da Guntuwa. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, a cikin tukunyarta ta ƙasa da ke ƙofar ɗakin baƙi, bayan jinyar kwana tara. Shekarunta huɗu da wata biyu. Tsawonta ranar da ta cika taƙi ɗaya ne da yatsu uku, kamar yadda yake tun tana shekara guda.

Na ambaci tsawon ne da gangan, domin shi ne sanadin ajalinta.

An samo marigayiyar a Katsina, wurin wani mai renon furanni a bakin titi. Ni da ƙanwata Rashida, malamar makaranta a Safana, muka ɗauko tukwane huɗu rana ɗaya. Ita ta tafi da uku, ni na riƙe jar. Kafin mu taso mai lambun ya yi mana bayani a fili. Ya ce, "Alhaji, irin nasu ke nan. Ko sun shekara ashirin ba za su kai gwiwa ba. Mai son babba, ga manya can." Ashe ke nan tun ranar farko na san Guntuwa lafiyarta ƙalau. Ina so a riƙe wannan, domin za a buƙace shi nan gaba.

Marigayiyar ta yi rayuwa mai sauƙi. Rabin buta na ruwa take sha da safe, ta sha rana zuwa azahar, sannan inuwar bango ta rufe ta. Furenta bai wuce murfin kwalbar lemo ba, amma ja ne mai duhu, ganye a kan ganye, kuma ba ta fashi sai a tsakiyar zafi. A kakar bara na ƙirga fure ashirin da uku a jikinta lokaci ɗaya. Ba ta taɓa haura katanga ta shiga gidan maƙwabci ba. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Abin da kawai za mu tuna na sautinta shi ne ɗan tsotson da ƙasarta ke yi idan ruwa yana shiga, da kukan ƙudan zuma biyu ko uku da ke kawo mata ziyara da hantsi.

Ba fari ne ya kashe ta ba. Ba akuya ba ce, ba ƙwari ba ne. Taimako ne ya kashe ta, a karo uku, kuma duka a gabana.

A ƙasarmu shukar da ba ta girma ba ta da lafiya. Geron da ya tsaya a gwiwa cikin Agusta labarin yunwa yake ba mai gida, kuma wanda ya ga shukar ɗan'uwansa ta tsumbure ya wuce bai yi komai ba, ba a kiransa mutumin kirki. Ban ga laifin wannan tarbiyya a gona ba. Sai dai a cikin duk danginmu ba a samu mutum ɗaya da ya yarda cewa akwai shukar da aka halitta ƙarama, kuma ta gamsu da hakan.

Karo na farko ya zo ne a watan Mayu, lokacin da surukata Inno, mahaifiyar matata Zuwairatu, ta zo mana daga rugarsu ta wajen Tsaskiya. Ta tsaya kan tukunyar ta daɗe tana kallo. Da yake ba ta yi mini magana kai tsaye, sai ta juya ga 'yarta.

"Zuwai, wannan abu na maigidanki shekararsa nawa?"

"Huɗu, Inno."

"Huɗu. Maraƙin shekara huɗu ai ya fara huɗa."

Washegari ta sa aka kawo mata kashin shanu daga wurin masu saukar da dabbobi a kasuwa. Ba busasshe ba, ba wanda ya ruɓe ya zama taki ba. Na safiyar ranar ne, da ɗuminsa. Da hannunta ta danna shi cikin tukunyar har ya kai wuyan marigayiyar, ta shafe samansa sumul kamar mai yaɓen ɗaki. Ina tsaye. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Inno."

Inno ta kwana goma sha ɗaya a gidan, kuma ba a kwashe kyautar suruka tana gani. Ƙudaje suka tare a ƙofar ɗakin baƙi. Baƙi suka koma gaisawa daga zaure. Ranar da ta tafi na tone tukunyar, na fitar da gwazarma bakwai, fararen tsutsotsin nan na juji, kowace kamar babban yatsa, sun yi ƙiba da saiwar marigayiyar. Ta zubar da rabin ganyenta. Amma ta tashi.

Karo na biyu a watan Yuli ne, a hannun yayana Armaya'u, manomin rogo da masara a Darini, wanda shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ya durƙusa ya duba ta kamar yadda yake duba kunyar gona, ya ce, "Wagga shuka taka cunkoso ke damunta, Yusha'u. Baki ya yi yawa, abinci kaɗan." Ya zaro wuƙa ya sare rassa biyar cikin takwas. Sannan ya cika gwangwanin madara da yashi, ya soka rassan a karkace, ya ce haka ake yi wa rogo. Na ce, "Gaskiya ne, Yaya."

Karo na uku shi ne na ajali. Ranar Alhamis ce, ranar kasuwa, Yaya ya sayi takin da zai yi wa masararsa zubi na biyu, ya biyo ta gida da buhun a bayan babur. Ya dubi Guntuwa ya ga tana nan yadda ya bar ta. Ya kwance bakin buhun, ya cika gwangwanin tumatir da yuriya, farin takin nan mai kama da sukari, ya tona rami da yatsa a gindinta ya juye duka ya rufe.

"Nan da kwana bakwai ka ba ni labari," in ji shi. "Sai ta kamo taga. Kawo ruwa ka zuba, ya narke."

A gona, wannan awon tushen masara da yawa ake raba wa, kuma ruwan sama ya baza shi cikin ƙasa mai faɗi. A tukunya babu inda za shi. Na san haka. Butar tana hannuna. Ni na zuba ruwan, kuma na ce, "Allah ya ƙara arziki, Yaya."

Yana tada babur na hau tona, amma takin ya riga ya narke. Na wanke ƙasar sau uku. A kwana na biyu bakin ganyen ya ƙone. A na huɗu ƙullin fure goma sha ɗaya suka zube ba su buɗe ba. A na shida reshe ya fara baƙi daga sama yana gangarowa, ƙasar kuma tana tashin wari irin na bayan bangon tasha. A na tara na kankare gindin da farce ban ga kore ba.

Yaya ya zo ta'aziyya ranar Litinin. Ya dubi gawar ya girgiza kai, ya ce, "Takin ya zo mata a makare. Da tun bara aka fara, da ta jure."

Marigayiyar ta bar 'yan'uwa uku, dukansu a gidan Rashida a Safana, cikin ƙoshin lafiya. Tun da mutane da dama sun sha tambayata irin da ya dace da gida a nan yankinmu, bari in faɗi abin da shekara huɗu suka nuna. Rawayar ita ce jaruma. Tana shan ranar Afrilu ba ta lanƙwasa ba, kuma ita nake ba wanda bai taɓa renon wardi ba shawarar ya fara da ita. Farar kyakkyawa ce amma raguwa, in rana ta wuce azahar a kanta furen yakan koma kamar tsohuwar takarda, don haka sai mai bangon da ke ba da inuwa da yamma. Mai ruwan hoda ita kaɗai ce mai ƙamshi sosai, sai dai darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye, na son ta kamar yadda take son gyaɗa, kuma mai ita zai riƙa wanke ganyen da ruwan sabulu. Jar, irin marigayiyar, ta fi su duka yawan fure da haƙuri da tukunya, kuma da an bar ta da yanzu tana nan. Dukansu taki tsunkule ɗaya ya ishe su a wata. Akwai kuma wata da na gani wurin mai lambun, mai ƙananan fure amma tana hawa bango. Duk wanda yake da manoma a dangi, ita zai saya. Tana tsawo, don haka babu wanda zai yi mata magani.

Za a tambaya me ya sa na Safana suka rayu, alhali Yaya yana zuwa can ma. Amsar ita ce Rashida. Bara da ya matsa kusa da tukwanenta yana laluben wuƙa a aljihu, sai ta ce, "Yaya, ka taɓa mini tukunya, gobe in je Darini in yi wa rogonka kitso." Ya yi dariya ya koma kan tabarma. Har yau suna gaisawa lafiya.

Marigayiyar ta kuma bar 'ya ɗaya. A nan gaskiya ta wajabta mini rubuta abin da ba na son rubutawa. Cikin rassa biyar ɗin da Yaya ya soka a gwangwani irin na rogo, huɗu sun bushe, ɗaya ya kama. Ya yi saiwa, ya fitar da ganye shida. Ita ce kaɗai abin da ya rage na Guntuwa a duniya, kuma wuƙar Yaya ce ta samar da ita. Shi ma ya san haka. Ranar ta'aziyyar ya hango gwangwanin a gindin randa, fuskarsa ta washe.

"Ka ga tawa ta kama. Ni na dasa ta. Ran Alhamis zan tafi da ita Darini, in sa ta gefen rogo ta ga yadda ake girma."

Na ce, "To, Yaya."

Washegari da safe na sa gwangwanin a jaka na hau babur zuwa Safana, ina riƙe da shi a ƙirji saboda gargadar hanya. Rashida ta karɓa, ta duba ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye kusa da rawayar. Sannan ta ce, "Yaya Yusha'u, reno ka kawo mini, ko faɗan da ka kasa yi ne kake so in yi maka?"

Na kamo hanyar gida. Na yi ta juya maganar har na iso Batsari. Ba kashin shanun na fi ƙyama ba, ba kuma gwazarmar ba. Abin da na fi ƙyama shi ne muryata, sau huɗu tana godiya da amincewa, da hannuna da ya karkata butar. Inno da Yaya ba su san irin shukar ba. Ni na sani.

Saboda haka, ga abin da na kasa faɗa da baki, a rubuce, kuma an riga an aika kwafinsa Darini. Yaya, a'a. Ba za ta je gefen rogo ba. Ba ta da yunwa, ba ta da cunkoso, ba ta da ciwo. Ƙarama ce, kuma haka za ta zauna. Girmanka yana nan yadda yake a wurina, kuma ranar Alhamis zan maimaita maka wannan a tsaye, a gaban mutane, in Allah ya ba ni iko.

Za a binne marigayiyar ranar Alhamis ɗin nan da hantsi, a bayan gida, gindin katangar gabas, domin waɗanda suka zo daga ƙauyuka su koma da rana tsaka. Ba za a yi mata sallah ba, tun da shuka ce. Ƙasar tukunyar za a kai ta juji, domin babu abin da zai ƙara tsirowa a cikinta. Ita tukunyar za a wanke ta a kife, har ranar da marainiyar za ta dawo gida, wato ranar da za a iya kallonta hannu na cikin aljihu, ba a taɓa ta ba.

Za a karɓi gaisuwa a zaure har la'asar. Ana roƙon masu zuwa su zo hannu sake. Ba a buƙatar taki, na zamani ko na garke, ba a buƙatar wuƙa, ba a buƙatar shawara. Zuwairatu za ta tsaya a ƙofa, kuma ta ce ita za ta yi wa Inno bayani da Fulatanci.

An riga an haƙa kabarin. Tsawonsa taƙi ɗaya ne da yatsu uku. Ana roƙon kada kowa ya ƙara masa.

Sanarwa daga Yusha'u Nurain, a madadin iyalan marigayiyar.