Nomau a Ƙasar Gishiri

A Kwarin Maje akwai gidan Malam Sallau, tsohon malamin labarin ƙasa. Mutum uku ne a gidan in an cire awaki: shi Malam, da matarsa Tabawa, da ƙanensa Nomau. Nomau ya haura arba'in, ƙaƙƙarfa ne, ba ya ƙarya, ba ya musu, kuma duk abin da aka ce ya yi zai yi shi daidai yadda aka faɗa, wanda shi ne babban abin da ke damun gidan. Tabawa ta taɓa ce masa ya yi ta ba tumatirinta ruwa har ta dawo daga suna. Sunan ya zarce da zaman makoki a wani ƙauye. Da ta dawo, agwagin maƙwabta ta tarar a lambun, suna cikin walwala.

Malam ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa yara cewa a Bolibiya, can Kudancin Amurka, akwai wani fili na gishiri zalla, wanda in ruwan sama ya kwanta a kansa sai ya zama madubi, mutum ya ga sama a ƙarƙashin ƙafarsa. Yaran sukan rubuta su ci jarrabawa, amma ba wanda ya yarda. Shi kansa Malam a hoto ya gani. Sai idanunsa suka fara dushewa, likita kuma ya ce masa, cikin ladabi, in akwai abin da yake son gani kada ya bari sai baɗi. 'Yarsa Hansatu, wadda ke aikin injiniya a wani kamfanin haƙar ma'adinai a ƙasar, ta aiko a kawo shi kafin ruwan bana ya janye daga filin. Ana buƙatar ɗan jagora. Aka duba gidan, awaki ba su da fasfo, sai Nomau.

Wata rana, washegarin saukarsu a birnin La Paz, Hansatu ta ce kafin su kama motar kudu, inda filin gishirin yake, bari ta nuna musu abin da mutanen garin ke hawa zuwa kasuwa. Wasu akwatuna ne masu gilashi, rataye a igiyar ƙarfe, suna yawo a kan rufin gidaje. Ta ce, "Baffa, ka riƙe hannun Baba. Kada ku sauka sai kun ga na sauka." Suka shiga, ita kuwa kafin ta sa ƙafa ƙofa ta rufe, sai ta bi akwatin baya. A tashar ƙarshe ta sauka, amma Nomau bai gani ba, don yana kallon gaba. Ma'aikata suka yi ta nuna musu ƙofa.

Malam ya ce, "Nomau, mun iso."

"Ban ga ta sauka ba, Yaya."

"Ba ta cikin nan balle ta sauka."

"To ka gani, shi ya sa."

Hannun Malam na cikin hannun Nomau, wanda kusan daidai yake da a ce yana cikin tarko. Akwatin ya juya da su, ya koma, ya sake dawowa. Malam ya ce ya fahimci tsarin birnin fiye da yadda yake buƙata. Sai can da la'asar dabara ta zo wa Hansatu: ta jira akwatinsu, ta shiga, ta gaishe su, ta sauka. Nomau ya miƙe da murna. Motar kudu kuwa ta daɗe da tafiya.

Wata rana, a kan hanyar kudu, motar ta tsaya a wani ƙauye don a ci abinci. Hansatu ta lura Nomau yana yi wa kowa shiru, sai ta ce, "Baffa, ba sai ka iya yarensu ba. Duk yadda aka gaishe ka, ka mayar daidai." Wata tsohuwa mai 'yar malafa a ka ta ɗaga masa hannu, ya ɗaga mata. Sai dabbarta ta matso, irin wadda suke kira lama, mai wuyan raƙumi da gashin tunkiya da kallon wanda aka ɓata wa rai tun safe. Ta dubi Nomau ta tofa masa yawu. Nomau ya ɗan yi tunani, ya share fuska, ya mayar daidai. Lama ba ta saba da wannan ba, ta ƙara. Ya ƙara. Mutane suka taru, yara suka rabu gida biyu, tsohuwar ta zauna a ƙasa tana riƙe da malafarta don dariya. Hansatu ta ce ya zo mota za ta tashi, ya ce, "Ita ce ba ta gama gaisuwar ba." Direba ya yi oda har ya gaji, ya sauke musu kayansu. A ƙauyen suka kwana, kuma a gaskiya an karrama su.

Wata rana suka isa Uyuni, garin da ke bakin filin gishirin. A bayan garin akwai wani wuri da tsofaffin jiragen ƙasa suke jibge, sun yi tsatsa, ƙafafunsu sun nutse cikin yashi, baƙi suna zuwa suna hawa suna ɗaukar hoto. Malam ya shafa jikin wani da iska ta huda ko'ina, ya yi murmushi ya ce, "Wannan kam sabo ne in aka kwatanta da namu. A kama mana wuri kafin ya cika." Hansatu ta yi dariya, suka wuce gaba. Da suka juyo babu Nomau, babu jakunkuna, har da wadda maganin idon Malam ke ciki. Aka yi ta nema. Mai motar da zai kai su filin ya jira, ya duba rana, ya tafi da wasu. Daga ƙarshe wasu baƙi suka kai ƙara cewa akwai wani mutum a tarago na can ƙarshe da ya hana kowa shiga. Aka same shi zaune a kan ƙarfe, ya jera jakunkuna a wuri uku.

"Yaya, na kama maka bakin taga," in ji shi.

Malam ya dubi taragon, wanda duk jikinsa taga ne, ya ce ya gode.

Wata rana Hansatu ta kai su masauki a bakin filin, wanda aka gina shi da tubalin gishiri: bango gishiri, teburi gishiri, gado ma gishiri ne aka ɗora masa katifa. Nomau ya lashi bango, ya lashi kujera don ya tabbatar, sai ya tare ƙofa. Ashe da za su taso Tabawa ta ja shi gefe ta ce, saboda hawan jinin Malam, kada ya kuskura ya bar shi ya kusanci gishiri.

"A miya take nufi, Baffa," in ji Hansatu.

"Ba ta ce miya ba."

"Nomau, saboda gishirin nan muka ƙetare teku."

"Ni dai Yaya, yadda nake gani, ƙasar nan gaba ɗaya an hana ka ita."

Waya ba ta shiga ba sai washegari, don haka Malam ya kwana a rumfar ajiye motoci, a garin da sanyinsa ba ya wasa. Da aka sami Tabawa ta janye dokar, bayan ta faɗi wasu abubuwa da ba su shafi gishiri ba. Amma mura ta riga ta kama Malam, ta kwantar da shi, kwanakin da suka rage suka tafi a gado, sai guda ɗaya.

Wata rana, wadda ita ce ta ƙarshe, mota ta kai su cikin filin. Fari fat, ko'ina, a bushe. Direban ya yi bayani, Hansatu ta fassara da murya ƙasa-ƙasa: ruwan wannan gefen ya janye a 'yan kwanakin nan, wanda ya rage yana can ciki, inda gishirin ya yi laushi, mota ba ta zuwa. Ga baƙi cike da wurin, suna tsalle suna ihu ana ɗaukarsu hoto. Hasken ya soki idon Malam, ya rufe su. Hansatu ta tafi da direban wajen masu tara gishiri ko akwai wata hanya. Nomau ya ga ran yayansa ya ɓaci, sai ya shiga lallashi: ai ba a yi asara ba, an ga jirgi, an ga akwatin sama, an gaisa da mutane da dabbobinsu.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Nomau, don Allah ka kai ni inda ba zan ƙara jin muryar kowa ba, har taka."

Akwai baro a gefen tulin gishiri. Kafin Malam ya gane abin da ake ciki an ɗora shi, an lulluɓe shi da bargo, baro ya kama hanya. Ya so ya yi faɗa, amma ƙasar tana kan tudu sosai, iskar wurin ba ta isar mutum numfashi balle faɗa. Nomau yakan tura, ya tsaya ya kasa kunne, in ya jiyo ihun baƙi ya ƙara gaba. Ihun ya ragu, ya koma kamar kukan sauro, ya ɓace. Nomau, da yake mutum ne mai son aiki ya yi kyau, ya ƙara tafiya mai yawa. Rana ta yi ƙasa, iska ta kwanta. Ƙarar tayar baron ta canza, ta koma ta abin da ke ratsa ruwa, sannan ta tsaya.

Malam ya yaye bargon. Hasken ya yi laushi yadda idonsa zai ɗauka. Ruwan bai kai idon sawu ba, kuma ko motsi ba ya yi. Gajimare ja da ruwan goro suna sama, suna ƙasa, babu layin da ya raba su. Baron yana tsaye a tsakiyar sama, wani baron a kife a ƙarƙashinsa, da wani tsoho a ciki yana leƙowa. Malam ya sauko a hankali, ya taka gajimare, ya daɗe yana kallo. Can nesa Hansatu na tahowa a guje, ɗankwali a hannu, ita ma su biyu.

"Ashe ban yi wa yaran nan ƙarya ba," in ji Malam. "Nomau, kana ganin abin da nake gani?"

Nomau ya dube shi, ya dubi sama ta sama da sama ta ƙasa, ya cije leɓe, don ai an ce har muryarsa, kuma ba a janye dokar ba.